Ruwan Ramiz Ya Dawo, Amma Ba Ta Famfo Ba

Visoko,
ƙarshen watan Yuni.

Zuwa ga Baffana abin tinƙahona, Baffa Nusret, Sarkin Famfunan birnin Stuttgart da kewayensa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai nauyi irin wadda ta cancanci ƙanen uba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da Inna Sabaheta da ƙannena Tarik da Ilda. Allah ya ƙara muku lafiya, ya buɗa kasuwa, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da durƙuso a ƙarƙashin bahon wankan Jamusawa ya jawo maka. Mu a nan lafiya lau muke. Yayanka Baba yana shan maganin hawan jininsa duk ranar da Mama ta tsaya a kansa. 'Yar'uwata Belma ta ci jarrabawar aikin jinya, kuma tun daga ranar babu wanda ya isa ya yi atishawa a gidan nan ba tare da an auna shi ba. Mahaifiyarku, Nana Zumreta, tana nan da ƙarfinta da harshenta, na biyun ma ya fi na farkon. Ni kuwa ina ci gaba da karatun shari'a cikin natsuwar da malamaina ke kira jinkiri.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Dalili shi ne a waya ba ka bari mutum ya kai aya, kuma da zarar Nana ta ji muryarka sai ta fizge wayar ta shiga tambayar ko kana cin abinci. Maganar da ke tafe da ni kuwa tana buƙatar a saurare ta daga muƙaddima har zuwa hukunci.

Ka fi ni sanin tarihin Ruwan Ramiz, amma lauya ba ya buɗe ƙara sai ya jero asali. Mahaifinku marigayi, Dedo Ramiz, ya kama idon ruwan nan na filin Javorak, can cikin dajin saman dutsen Vranica, ya fafe itace ya yi masa indararo, ya ajiye kwami a ƙasa da moɗa a gefe, domin duk wanda ya sha ya yi masa addu'a, shi da iyayensa. Saboda ruwan nan ne mahawa dutse suka maida filin wurin kafa tanti, saboda shi ne kuma jan zoben nan mai farin ɗigo da ake shafawa da fenti a jikin duwatsu don nuna hanya ya biyo ta wurin. Bara da rani ka zo hutu, ka tsaya a gaban indararon ka riƙe ƙugu, ka ce a Jamus da an daɗe da ɗaure wani kan wannan ɓarna, ruwa yana zuba dare da rana ba mai lissafi. Ka cire itacen Dedo, ka sa bututu, ka shafe da siminti, ka ɗaura kan famfo na tagulla mai ƙyalli, har da allo mai cewa a rufe bayan an sha. Ni na riƙe maka akwatin kayan aiki a ranar, na kuma yi tafi, saboda haka idan akwai laifi to ni ma ina cikin waɗanda ake tuhuma.

To, Baffa, jama'a sun yi wa allonka biyayya. Wani bawan Allah mai tarbiyya ya sha a ƙarshen kaka, ya rufe ƙam, ya sauka. Hunturu ya zo, ruwan da ke tsaye cikin bututun ya daskare ya tsaga shi, na bayansa kuma da ya rasa ƙofa sai ya yi zuciya ya nemi wata hanya a ƙarƙashin ƙasa. Da dusar ƙanƙara ta narke, famfon yana nan yana ƙyalli, amma in an murɗa shi iska kawai yake yi.

Makon jiya Zdravko, tsohon nan abokin Dedo da ke shafa alamun hanya a ƙungiyar mahawa dutse, ya kira Nana. Ya ce wasu 'yan mata biyu baƙi sun bi jan zobe har Javorak da gorunansu wayam, sun dogara da ruwan da taswira ta yi musu alkawari, da ƙyar suka sauko. Don haka ƙungiya ta yanke cewa ran Asabar zai hau da fenti ruwan toka ya shafe alamun, a karkatar da hanyar ta ɗaya kwarin. Nana ta ajiye wayar, Baba ya rage sautin talabijin. Sannan ta ce Ramiz bai bar bene ba, bai bar mota ba, ruwan nan kaɗai ne abin da ke kai masa saƙo a kabari, in ba mai wucewa ba mai sha, in ba mai sha wa zai ce Allah ya jiƙansa? Ta ce a ɗauko mata takalmanta na hawa.

Aka yi taron gaggawa. Baba ya kawo shekarunta tamanin a matsayin hujja, ta ce shekarun nata ne, ita za ta ɗauke su, ba shi ba. Aka naɗa ni Shugaban Tawagar Ceto, naɗin da ni na gabatar, ni na goyi baya, ni kuma na amince. Belma ta zama likitar tawaga. Ran Laraba muka tashi da gizagon Dedo, da shebur, da wake, da cukun tumaki, da burodi, da gahawa, da tanti biyu, ɗaya a cikinsu tsohon tantinka ne na samartaka. Bas ta kai mu inda kwalta ta ƙare, taraktan masu yankan katako ya ɗauke mu har inda shi ma ya sallama, sauran kuwa da ƙafa. Nana na gaba da sandarta tana waiwayowa tana tambaya ko Shugaba yana so a goya shi.

Javorak yana nan yadda ka bar shi: murhun duwatsu, bencin katako guda, dogayen itatuwa sun yi masa zobe, waya kuma ta zama madubi kawai don babu sabis. Bayan gida shi ne dajin nan gaba ɗayansa, faɗinsa ya fi na kowane otal. Ruwan sha sai mun gangara rafin da ke can ƙasan kwari, in ka hauro da shi kuma ka riga ka shanye rabi. Na fasa simintinka, kuma ina shaida maka a gaban tarihi cewa aikinka aiki ne, ya ci mini yini guda da fatar tafin hannu. Muka iske bututun a tsage kamar ɓawon wake. Muka haƙa bayansa, muka haƙa dama da hagu, ƙasa busasshiya kamar ba a taɓa ruwa a wurin ba. Ranar Alhamis da yamma Nana ta zauna a kan benci tana kallon dutsen nan na bakin famfo da aka sassaƙa sunan Dedo a jikinsa, ba ta ko taɓa waken ba.

A nan ne ƙaddara ta ɗauko ni ta yi aiki da ni. Daren farko na kafa tanti kusa da nasu, na kwana a kan saiwa, ga kuma minsharin likitar tawaga. Don haka da yammacin nan na yi jawabin ballewa, na ɗauke tantinka na gangara da shi ƙasa da kwamin, inda na hango ciyawa shar, mai laushi, shimfiɗaɗɗiya kamar dardumar masallaci. Na sanar da su cewa zaɓen makwanci ilimi ne, ba kowa Allah ke ba ba. Da asuba na farka na ji bayana sharkaf, daga kafaɗa har ƙugu, ga shi ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Na fito ina ɗiga. Belma ta dube ni ta dubi wandona, ta ce a matsayinta na ma'aikaciyar lafiya ba za ta yi dariya ba, sannan ta faɗi ƙasa tana yi. Nana ta ce ƙato da ni, gemu har ya fara fita, ashe da ta sani da ta taho da ledar shimfiɗa ta jarirai. Na kare kaina da cewa babu ɗan Adam ɗin da zai iya samar da wannan adadi, kuma da wannan sanyi.

Kalmar sanyi ce ta tsayar da Nana. Ta ce a ɗage tantin. Inda jikina ya danne ciyawar ya lotsa, ga ruwa kwance a cikin lotsawar, ya shigo ta hudar da ke ƙasan tantinka tun kafin a haife ni. Ta durƙusa, da ƙyar, ta tura hannu cikin ciyawar har wuyan hannu, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce shi ne, ta san sanyinsa. Na soka shebur sau kaɗan, sai ga shi yana ɓulɓulowa, jawur da laka, amma a raye.

Nan take na gabatar da ƙudirin sayen injin da zai tura ruwan ya koma sama wurin dutsen Dedo. Nana ta ce jinin Nusret ne ke magana a bakina, ruwa ya riga ya faɗi inda yake so, dutse ne zai sauko ya same shi. Haka muka yini Juma'a. Tsohon indararon da ka jefar bayan kurmi ya bushe ya dare, don haka muka sami wani siririn itace da iska ta kayar, na fafe shi da gizagon Dedo, Nana na tsaye a kaina tana cewa Ramiz da ido a rufe ya fi ni. Muka jawo kwamin, muka mirgino dutsen sunan da sanduna, Belma na ɗaure mini yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta faɗi ruwa na zuba a indararo, da sautin nan da ka sani. Sai dai kalarsa kalar gahawa da madara ce, kuma da safiyar Asabar ma bai canja ra'ayi ba.

Da hantsi Zdravko ya ɓullo daga cikin itatuwa, da hularsa da jakarsa, gwangwanayen fenti na ƙara a ciki. Ya gaisa, ya dubi aikinmu, ya tara hannu ya dubi abin da ya taru, ya girgiza kai. Ya ce shi da Ramiz suka ɗauko dutsen nan a kafaɗa, ba sai an tuna masa ba, amma abota ba ta kashe ƙishirwar baƙo. Ƙa'idarsa ita ce ba ya shafa ja a kan ruwan da shi kansa bai sha ba, wannan kuwa ko akuyarsa sai ta yi shawara. Ya ce kafin azahar dole ya juya, don ya shafe alamun yana sauka, tun hadarin yamma bai taso ba. Ya ciro gwangwanin ruwan toka ya ajiye a kan benci.

Nana ba ta yi gardama ba. Ta ce gaskiyarsa, aiki aiki ne, amma ai ba zai tashi bai sha gahawa ba. Baffa, ko shekarunka a Jamus sun kai ɗari na san ba ka manta tsarin ba: ta farko ta maraba, ta biyu ta hira, ta ƙarshe kuma tsararriyar nan ta sallama, wadda in an miƙo maka ita ka san lokacin neman takalmi ya yi. Kuma ka san mutumin zamaninsu ba ya tashi daga gaban tsohuwa, matar amininsa, ba a sallame shi ba. Ta ɗora tukunyar a kan garwashi da ɗan ruwan rafin da ya rage mana. Ta maraba ta zo, mai kauri, da ƙwayar sukari. Ta hira ta zo. Ta ɗan kalle ni ta gefen ido, na gane umarnin, ni da Belma muka sulale muka shiga jidar tsakuwa muna jerawa a idon ruwan don ya tace.

Da Zdravko ya ajiye kofi na biyu ya fara laluben hularsa, sai ga na uku, ya fi na biyu kauri. Nana ta tambayi matarsa Milka da ciwon bayanta. Ta tambayi jikansa da ke Ireland, ko ya yi aure, in bai yi ba me yake jira. Ta bi matattun kwarin nan gida gida, wa ya rasu da me, wa ya je jana'iza, wa bai je ba kuma me ya sa. Ya dubi agogo, ya dubi sama, ya yi gyaran murya ya ce gahawar yau kam ba ta san tsufa ba, ko ruwa ne ya yi ƙaranci a tukunyar? Ta ce a gidansu wanda aka gaji da shi ake tsarma wa gahawa, ita kuwa ba ta gaji da shi ba, yaushe rabon su zauna? Belma na zuwa da kofin gilashi tana tarawa tana ɗagawa a rana: laka, sannan ruwan shinkafa, sannan wani abu mai kama da kyakkyawan fata.

A kofi na biyar Zdravko ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa na bugawa kamar taraktan masu katako. Ya ce Zumreta, tsohuwar dila, ya san abin da take yi, Ramiz ma haka ta kama shi. Ta ce ita baiwar Allah ce mai karrama baƙo, in yana so ya tashi ba a sallame shi ba ga hanya nan, sai dai kafin ya kai gida Milka ta ji, limami ya ji, fadan cocinsu ma ya ji. Ya koma ya zauna. Ni kuwa na leƙa gwangwanin gahawar na ga ƙasansa, na leƙa jarkar ruwan rafi na ga babu ko na alwala. Azahar ta gota, gajimare ya fara taruwa a kan tsauni. Ban ce na ji tsoro ba, Shugaba ba ya tsoro, amma na karanta duk abin da na haddace.

Sai Belma ta taho a hankali, riƙe da gilashin da hannu biyu, ta tsaya a gabansa. Ana ganin itatuwa ta cikinsa. Nana ta ce ba a gilashi ba, ta kwance ɗankwalin da ta ƙulle moɗar Dedo a ciki, ta ce ya je ya tara da kansa. Ya je, ya tara, ya sha, ya runtse ido don sanyin ya kama masa haƙori. Ya sake tarawa ya shanye. Sannan ya cire hula, ya yi alamar gicciye ta addininsu a ƙirji, ya ce Allah ya kai ladan ga wanda ya kama ruwan nan. Nana ta juya mana baya tana gyara itacen wuta da bai buƙaci gyara ba.

Ya maida ruwan toka cikin jaka ya ciro ja da fari. Sai dai kofi biyar na Nana sun riga sun isa yatsunsa. Ya dafa dutsen, ya ja numfashi, ya zana zoben da hannu na rawa, ya fito kamar dankalin da ya sha wahala, farin ɗigon ma ya zame gefe. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa yin mummuna irinsa ba, kuma duk wanda ya tambaya zai ce aikin Zumreta ne. Sai a lokacin ta kakkaɓe ɗan garin da ya rage a gwangwani, ta cika tukunya da sabon ruwa, ta miƙa masa gahawar da ake hango gindin kofi ta cikinta. Ta ce ya sha ya kama hanya, tun hantsi ta gaji da shi.

Yanzu ga hukunci, Baffa. Kafin ya tafi Zdravko ya ce zai dawo baɗi in dusar ƙanƙara ta narke, in ya tarar da wurin a bushe zai shafe alamun daga nesa, ba zai ko matso inda ake jin ƙanshin gahawa ba. Baba kuma ya tsegunta mini cewa ka riga ka sayi sabon kan famfo, wanda aka ce sanyi ba ya yi masa komai, kana shirin tahowa da shi a watan Agusta. Ina roƙonka da girman Allah da girman gwiwarka, ka ɗaura wa wani Bajamushe shi. Ruwan nan ba ya daskarewa ne saboda ba ya tsayawa. Kuma na bi shi da ƙafata don in kawo maka rahoto: daga kwami yana gangarawa wurin da tumaki ke sha, daga nan ya shiga rafi, babu ɗigon da ya ɓata. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, Nana ma ta sani. Ta ce duk cikin 'ya'yanta kai ne ka hau dutsen nan da buhun siminti a ka saboda mahaifinka, ba ta manta ba.

Kan famfonka na tagulla kuwa bai yi ritaya ba, canjin ma'aikata aka yi masa. Nana ta sa na kafe shi a jikin itacen da ke gefen kwami, daidai tsayin hannu, kuma a kansa moɗar Dedo ke rataye yanzu. Ina mai tabbatar maka cewa shi ne famfo ɗaya tilo a nahiyar Turai da ba zai taɓa ɗiga ba.

Ka zo a Agusta kamar yadda ka shirya, ka taho da Tarik da Ilda, su kwana a ƙasa su sha ruwan kakansu, su ga ko haƙoran Stuttgart za su jure. Tantinka na nan, na hana a ɗinke hudar, ta zama kayan tarihi. Nana ta ce in rubuta maka da manyan baƙaƙe cewa ka taho da bakinka da ƙishirwarka, akwatin kayan aiki kuma ya yi zamansa a Jamus ya huta.

Ka gaishe mini da Inna Sabaheta, ka ce mata Mama na godiyar maganin ƙafa. Ka gaida Tarik da Ilda, da Kawu Asim in kun haɗu a masallaci. Baba da Mama suna gaisuwa, Belma na gaisuwa tana kuma tambayar ko kana shafa wa gwiwar abin da ta aiko. Allah ya haɗa fuskokinmu a bakin kwamin nan cikin alheri, ya jiƙan Dedo Ramiz, amin.

Naka mai biyayya har kullum, Shugaban Tawagar Ceto, wanda bayansa ya gano abin da kansa ya kasa,

Elvedin.